Joseph Black da Zafin da Ma'auni Ba Ya Gani

Duk wanda ya taɓa ɗora tukunya a murhu ya ga abin da Joseph Black ya gani, sai dai kaɗan ne suka tsaya suka tambayi dalili. Wannan ne ya sa nake ganin rayuwarsa ta cancanci waiwaye.

An haife shi a birnin Bordo na ƙasar Faransa a 1728, ya yi karatun likitanci a Gilasgo da Edinbara a Sikotland, ya kammala a 1754. A 1756 ya zama shehun malami a Jami'ar Gilasgo. A can ne wata tambaya ta hana shi sakat: me ya sa ƙanƙara mai narkewa ba ta wuce digiri 0, ruwa mai tafasa kuma yake tsayawa a digiri 100, alhali wuta na ci?

Sai ya ajiye kwalabe biyu a ɗaki guda, ɗaya da ruwa mai tsananin sanyi, ɗaya da ƙanƙara. Ɗumin da ruwan ya kai cikin rabin sa'a, sai da ƙanƙarar ta shafe fiye da sa'o'i goma kafin ta narke ta kai shi. Wajen 1761 ya tabbatar cewa zafin yana shiga, amma aikin narkarwa yake yi, shi ya sa ma'auni bai motsa ba. Ya kira shi ɓoyayyen zafi. Yau an san cewa zafin da ke narkar da kilo guda na ƙanƙara zai iya kai kilo guda na ruwa daga digiri 0 zuwa kusan 80, mayar da ruwan tururi kuwa yana cin kusan ninki bakwai na wannan. Dokar nan ce ke sanyaya ruwan randa, domin laimar da ke tsattsafowa tana bushewa ne da zafin da ta kwaso daga ciki.

Abokinsa James Watt ya amfana da bayaninsa lokacin da yake gyara injin tururi. Black ya koma Edinbara a 1766, ya rasu a 1799 ba tare da ya wallafa binciken ba; sai a 1803 aka buga laccocinsa.

A ganina, makarantunmu sun fi mayar da hankali ga haddace digiri 100 fiye da tambayar abin da ke faruwa a tukunyar. Yaron da aka ba ƙanƙara da agogo da ma'aunin zafi, aka bar shi ya ƙirga da kansa, zai fahimci abin da allo kaɗai ba zai koya masa ba.