Hermann Ebbinghaus, Malamin da Ya Auna Mantuwa

Duk ɗalibin da ya taɓa kwana a aji yana haddar takardun lakca, gari ya waye ya ji kansa fayau, ya kamata ya san Hermann Ebbinghaus. Shi ne ya fara auna mantuwa da alƙaluma, kuma a kan kansa ya yi gwajin.

An haife shi ranar 24 ga Janairun 1850 a garin Barmen na ƙasar Jamus, mahaifinsa ɗan kasuwa ne. Yana da shekara 17 ya shiga Jami'ar Bonn. A 1870 yaƙi ya ɓarke tsakanin Farusiya da Faransa, ya ajiye karatu ya shiga soja. Bayan yaƙin ya dawo ya kammala digirin dakta a falsafa a 1873. Daga nan ya yi 'yan shekaru tsakanin Ingila da Faransa yana koyarwa. A wannan yawon ne ya ci karo da littafin masani Gustav Fechner a shagon tsofaffin littattafai, wanda ya nuna cewa ana iya auna yadda mutum ke ji da gani. Sai Ebbinghaus ya ƙudura cewa tunawa ma za ta aunu.

A 1879 ya fara aikin, ba ɗakin gwaji, ba mataimaki. Ya ƙirƙiri gaɓoɓi kimanin 2,300 marasa ma'ana, don kada sanin kalma ya sauƙaƙa masa hadda. Yakan jera su, ya yi ta karantawa da sauri iri ɗaya har sai ya kawo su da ka ba kuskure. Bayan wani lokaci sai ya sake haddace jerin, ya lissafa lokacin da haddar farko ta rage masa. Bayan minti 20 ragin kashi 58 cikin ɗari ne, bayan awa ɗaya 44, bayan kwana ɗaya kusan 34, bayan wata ɗaya 21. Ma'ana, mantuwa gudu take yi a awannin farko, daga baya ta koma tafiyar hawainiya.

Abin da ya fi shafar mu shi ne nauyin aiki. Jerin gaɓa 7 karantawa ɗaya ta ishe shi. Jerin 12 ya ci kusan 17, jerin 24 kuwa 44. Ke nan gaɓoɓin sun ninka sau uku da ɗoriya, wahalar ta ninka sama da sau arba'in. Amma da ya riƙa komawa kan jerin 24 ɗin kullum, rana ta biyu kusan rabi ya buƙata, rana ta shida ko huɗu bai kai ba. Ya kuma gano cewa maimaici 38 da ya rarraba a kwana uku ya yi masa aikin da 68 suka yi a zama ɗaya. Da ya gwada baitocin mawaƙin Ingila Byron, kusan kashi ɗaya cikin goma na wahalar ya sha, domin abu mai ma'ana ya fi zama a ka.

Ya wallafa sakamakon a 1885, cikin ƙaramin littafi kan tunawa. Littafin ya yi suna, sai dai Ebbinghaus ba mai yawan rubutu ba ne. A 1894 babbar kujerar farfesa a Jami'ar Balin ta tsallake shi aka ba Carl Stumpf, shi kuma ya koma Breslau, wadda yau take cikin Folan. A can ya shiga binciken gajiyar 'yan makaranta, ya fito da gwajin cike gurbi a jimla a 1897. Ya koma Halle a 1905, ciwon huhu ya yi ajalinsa ranar 26 ga Fabrairun 1909, yana da shekara 59.

Akwatin katunan bita da Sebastian Leitner ya fito da shi a 1972, da manhajoji irin su Anki, duk a kan wannan tushe suke. Sai dai nan ne da yawanmu ke faɗawa rami: mutum ya loda sabbin katuna 100 ranar farko don zumuɗi, ya manta cewa kowane sabon kati bashi ne da zai yi ta dawowa. Masu Anki da kansu sun yi ƙiyasin cewa sabbin katuna 20 kullum na kai mutum ga bitar kusan 200 a rana. In ka tsallake kwana uku, tulin da za ka tarar kaɗai ya isa ya sa ka goge manhajar.

Saboda haka fara da bitar da ta zo yau kafin ka taɓa sabo. In bitar ta wuce lokacin da ka ware mata, rage sabbin ko ka dakatar da su na 'yan kwanaki. Kada ka mai da abin da ba ka gane ba kati, koma wurin malam ko abokin karatu tukuna. Lakcar yau kuma ka waiwaye ta yau, tun mantuwa ba ta yi nisa da ita ba. In kana gudun kariyoba, makon farko na zango ne lokacin farawa, domin rijiyar da aka fara haƙawa ranar wanka ba ta ba da ruwa.