Chen Shigong, likitan Sin da ya shahara wajen maganin maruru da gyambo

An haifi Chen Shigong a shekarar 1555 a garin Nantong da ke lardin Jiangsu na ƙasar Sin, a zamanin daular Ming. Tun yana matashi ya karkata ga fannin da manyan likitocin lokacin ba su cika darajantawa ba, wato cututtukan da ke bayyana a fata, irin su maruru da gyambo da kumburi mai tara mugunya.

A wancan zamani babu wanda ya san ƙwayoyin cuta ne ke haddasa su. Da yawa daga cikin masu magani sukan tsaya ga bai wa majinyaci jiƙo kawai, suna tsoron sa wuƙa a jiki. Chen ya ga cewa idan ƙurji ya nuna, barin mugunya a ciki na iya kai mutum ga halaka. Don haka yakan tsaga shi ya fitar da ita, ya cire ruɓaɓɓen nama, sannan ya haɗa da magungunan sha da na shafawa, yana mai da hankali ga abincin da zai ƙarfafa majinyaci.

Bayan kimanin shekara 40 yana aiki, ya kammala littafinsa Waike Zhengzong a 1617, inda ya yi bayanin cututtuka fiye da 100. A ciki ne aka samo garin maganin Ruyi Jinhuang, mai haɗin itatuwa goma, ciki har da kurkur da ɓawon lemo, wanda ake kwaɓawa da zuma ko ruwan shayi a shafa a kan kumburi. Har yau ana haɗa shi a ƙasar Sin.

Ya kuma rubuta ƙa'idojin aikin likita. Ya wajabta gaggauta zuwa wurin majinyaci, mai kuɗi ne ko talaka, da bai wa matalauta magani kyauta, da duba mace a gaban wani nata.

Chen Shigong ya rasu a 1636, kusan shekara 300 kafin a gano penisilin a 1928. Duk da samuwar magungunan kashe ƙwayoyin cuta, tsaga ƙurjin da ya tara mugunya a asibiti shi ne har yanzu ginshiƙin maganinsa.