Vincent du Vigneaud: Yaron da ya fara da tatsar shanu, ya ƙare da haɗa allurar tsayar da jinin haihuwa

Duk wanda ya tashi cikin shanu ya san farar saniyar Fulani ba ta sakin nono haka kawai. Sai an sako maraƙi ya ɗan kama hantsa, sannan a janye shi a tara ƙwarya. Mu da iyayenmu ke lodin shanu daga Paiko da kasuwannin Neja zuwa Kudu mun ɗauki wannan a matsayin halin saniya. To, akwai sinadari a jikinta da ke yin wannan aiki, sunansa oksitosin, kuma shi ne dai allurar da ake yi wa matanmu a asibiti bayan sun sauka don kada jini ya ɓalle. Mutumin da ya fara haɗa shi da hannunsa shi nake so in ba ku tarihinsa yau.

An haifi Vincent du Vigneaud ranar 18 ga Mayu, 1901, a Chicago ta Amurka, garin da a lokacin ya yi suna da kara da mayanka, kamar yadda muke ji da Oko-Oba ta Agege, sai dai tasu ta ninka sau da yawa. Mahaifinsa mai ƙera injuna ne. Lokacin yaƙin duniya na ɗaya aka rasa ma'aikata a gonaki, aka riƙa tura 'yan ajin ƙarshe na sakandare su taimaka. Shi ma ya tafi wata gona a jihar Illinois, inda ya iya tatsar shanu ashirin da hannu, har ya yanke shawarar zama manomi. Yayarsa Beatrice ce ta canza masa ra'ayi, ta ɗauki nauyin karatunsa a Jami'ar Illinois. Duk da haka sai da ya haɗa da 'yan ayyuka, har da hidima a ɗakin cin abinci, kafin ya yi digiri a 1923 da na biyu a 1924 a kimiyyar sinadarai.

A 1927 ya yi digirin digirgir a Jami'ar Rochester kan farar wutar da ke cikin insulin, maganin ciwon suga. Wannan farar wuta ita ya riƙe har ƙarshen aikinsa, duk inda ta ɓulla a jikin halitta sai ya bi sawunta. Ya ƙaro ilimi a Jamus da Birtaniya, ya shugabanci sashe a Jami'ar George Washington daga 1932, sannan a 1938 ya koma kwalejin likitanci ta Cornell a birnin New York, inda ya yi kusan shekara talatin.

Kafin zamaninsa, wani Bature ɗan Ingila, Henry Dale, ya gano a 1906 cewa akwai wata 'yar tsoka a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa wadda ruwanta ke sa mahaifa ta matse. Bayan 'yan shekaru aka gano ruwan yana sa nono ya zubo. Sunan oksitosin ma daga Girkanci yake, ma'anarsa haihuwa da sauri. Matsalar ita ce ruwan a gauraye yake da wani sinadarin, basofiresin, mai hawar da jini, kuma ba wanda ya san ainihin ƙirar ko ɗaya daga cikinsu.

Du Vigneaud da mutanensa suka riƙa karɓo wannan 'yar tsoka daga kawunan shanun da aka yanka, suna tacewa har suka samu oksitosin zalla. Ku duba fa, abin da mahautanmu ke fasawa kullum a Bodija da Lokpanta ba tare da sun kula ba. Yaƙin duniya na biyu ya katse aikin, aka karkatar da shi kan maganin fenisilin, bayan yaƙi ya dawo. A 1953 suka nuna cewa oksitosin ƙananan tubala tara ne a jere, shida sun yi zobe wanda farar wuta ta ɗaure, uku sun zama jela. A wannan shekarar dai suka jera tubalan da kansu a ɗakin bincike. Da aka gwada wa mata a asibiti, ya tayar da naƙuda ya kuma sa nono ya zubo daidai da na jiki. Ba a taɓa haɗa sinadarin jiki irin wannan da hannu ba kafin nan, shi ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1955.

Ya bar New York a 1967 ya ci gaba da bincike a Ithaca, har ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi a 1974. Ya rasu ranar 11 ga Disamba, 1978, yana da shekara 77.

Yau masu bincike sun kai oksitosin wani wajen. Suna cewa yana da hannu a shaƙuwar uwa da jariri, har jaridu suka laƙaba masa sinadarin soyayya. An gwada fesa shi a hanci ga yara masu lalurar otizim, amma babban gwajin da aka fitar a Amurka a 2021 bai nuna ya taimaka ba. Amfaninsa da ba a jayayya a kai yana ɗakin haihuwa. Zubar jini bayan haihuwa shi ne kan gaba wajen kashe masu haihuwa a duniya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi wa kowace mace allurar da zarar jariri ya fito, don mahaifa ta matse jijiyoyin da mabiyiya ta bari a buɗe.

Sai dai allurar ba ta son zafi, wurinta firji ne mai awo 2 zuwa 8. Wani bincike da aka yi da haɗin gwiwar NAFDAC, wanda aka wallafa a 2018, ya samu kusan uku cikin huɗu na allurorin da aka gwada a Najeriya ba su cika ƙarfinsu ba. Ga kuma wata ɗabi'a da ke zangonninmu, mace tana naƙuda a gida, a aika yaro kemis ya sayo allurar a caka mata don ta yi saurin sauka. Wallahi wannan na iya fasa mahaifa, a rasa uwa da ɗa. Kafin haihuwa ba a ba da ita sai a asibiti, a cikin ƙarin ruwa, ma'aikaci na tsaye yana lura.

Don haka 'yan'uwa na Sabo, Shasha, Idi-Araba da Ama-Hausa, musamman mu maza da fatauci ke raba mu da gida, a bar wa iyali kuɗin awo da na mota tun ciki bai tsufa ba. In an je asibiti kuma, ba rashin kunya ba ne miji ya tambaya ko daga firji aka ciro allurar. Allah ya sauki matanmu lafiya.