René Descartes, mutumin da ya haɗa zane da aljebra

Duk ɗalibin da ya zauna ajin lissafi a Yamai, Garwa ko Njamena ya san layuka biyun nan da ke gitta juna a kan allo, ɗaya na x ɗaya na y. Malamai na ce musu repère cartésien, kuma sunan ya fito ne daga René Descartes, wanda ake furtawa Dekart.

An haife shi ranar 31 ga Maris 1596 a garin La Haye da ke Faransa. Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara ɗaya. Ya yi karatu a makarantar limaman Katolika ta La Flèche, ya samu takardar shaidar ilimin shari'a a Poitiers a 1616, amma bai yi aikin lauya ba. A 1618 ya shiga soja a Holan, inda ya haɗu da masani Isaac Beeckman, wanda ya zaburar da shi kan lissafi. Daga baya ya yi kusan shekara 20 a ƙasar, yana ta sauya gida don kada a dame shi.

Kafin zamaninsa, ilimin siffofi da aka gada daga Girkawa aikin zane ne da magwaji, aljebra kuwa harkar lambobi. Descartes ya nuna cewa abu ɗaya ne. Idan ka ce ɗigo yana taku 3 zuwa dama da taku 4 zuwa sama, ka faɗi mazauninsa ba tare da ka zana komai ba. Nisansa daga mahaɗar layukan 5 ne, kuma duk ɗigon da ke wannan nisa yana cika x² + y² = 25. Da'ira ke nan ta koma jimlar lissafi da za a warware da alƙalami. Shi ne kuma ya yaɗa al'adar sa x, y, z ga abin da ake nema, a, b, c ga abin da aka sani.

Wannan aiki, La Géométrie, ya fito a 1637 a birnin Leiden, cikin Faransanci maimakon Latin na malamai, kuma babu sunansa a kai. Mutum ne mai taka-tsantsan: a 1633, da ya ji cocin Roma ta hukunta Galileo kan cewa duniya ce ke zagaya rana, sai ya ɓoye wani littafinsa mai irin wannan ra'ayi.

Sai dai yabon ba nasa ne shi kaɗai ba. Pierre de Fermat ya gano hanyar a lokaci guda, sun kuma yi ta sa-in-sa. Littafin Descartes ma yana da wuyar karatu, ba kuma za ka ga layukan a cikinsa yadda ake zana su yau ba. Fassarar Latin da Frans van Schooten ya fitar a 1649, tare da sharhi, ita ta kai shi hannun masana irin su Newton.

A 1649 ɗin Sarauniya Kristina ta Suwidin ta gayyace shi fadarta. Shi da ya saba kwanciya har hantsi, sai ga shi yana ba da darasi da ƙarfe 5 na asuba cikin tsananin sanyi. Ciwon huhu ya kama shi, ya mutu a Stokholm ranar 11 ga Fabrairu 1650 yana da shekara 53. A 1967 aka sauya wa garin haihuwarsa suna zuwa Descartes.