Licklider: Masanin halayyar ɗan Adam da ya so kwamfuta ta riƙa ba da amsa nan take

A shekarun 1950, mai buƙatar kwamfuta sai ya huda umarninsa a jikin katuna, ya miƙa wa ma'aikatan ɗakin na'urar, ya koma ya zuba ido. Amsa kan zo bayan sa'o'i, wani lokaci ma sai washegari. Kuskuren harafi ɗaya kuwa yakan mayar da aiki baya.

Cikin waɗanda wannan jira ya ci wa tuwo a ƙwarya akwai Joseph Licklider, wanda ko injiniya ba ne. An haife shi a birnin St. Louis na Amurka a 1915, ya kuma yi digirin digirgir a Jami'ar Rochester a 1942, inda ya ƙware kan yadda kunne da ƙwaƙwalwa ke sarrafa sauti.

Bayan ya koma jami'ar MIT a 1950, ya shiga aikin SAGE, tsarin tsaron sararin samaniyar Amurka. A can ya ga kwamfuta na nuna motsin jirage a allo, ma'aikaci kuma na zaɓar wanda yake so, na'urar ta amsa masa nan take. Abin ya tsaya masa a rai.

A 1957 ya bibiyi yadda yake kashe lokacin aikinsa, sai ya tarar kusan kashi 85 cikin 100 na tafiya ne wajen neman bayanai, lissafi da zana jadawali, ba tunani ba. Wannan ta haifar da maƙalarsa ta 1960, wadda ta ce ya kamata na'ura ta ɗauke wa mutum wannan wahala, shi kuma ya riƙe yanke shawara.

Dama ta zo masa a 1962, lokacin da hukumar bincike ta ma'aikatar tsaron Amurka, ARPA, ta damƙa masa ofishinta na harkokin kwamfuta. Shi bai ƙera wata na'ura ba, gwanintarsa ita ce gane masu basira. Ya zuba kuɗi a aikin MIT na bai wa mutane da dama damar amfani da kwamfuta ɗaya lokaci guda. Ya tallafa wa Douglas Engelbart, wanda daga bisani ya fito da linzamin kwamfuta, a lokacin da 'yan kaɗan ne ke sauraronsa. A 1963 kuma ya rubuta wa abokan aikinsa takarda kan haɗa kwamfutoci masu nisa da juna.

Shekara biyu kacal ya yi kafin ya bar kujerar ga Ivan Sutherland, matashi ɗan shekara 26 da ya ƙirƙiro Sketchpad, manhajar zane a allo da alƙalamin haske. Magadansa ne suka kafa ARPANET a 1969, tushen intanet.

Licklider ya rasu ranar 26 ga Yunin 1990 yana da shekara 75, kimanin shekara guda kafin a buɗe wa jama'a shafin intanet na farko.