Leo Fender: Mai gyaran rediyon da ya sauya muryar jita

Ka san cewa mutumin da sunansa ya fi yawo a jikin jitar lantarki bai ma iya kaɗa ta ba? Leo Fender ke nan, haifaffen Kalifoniya a Amurka, a 1909. Tun yana yaro ya rasa ido ɗaya. Ya karanta aikin akanta, aikin ya kuɓuce masa, sai ya buɗe shagon gyaran rediyo a 1938.

Makaɗa suka riƙa kawo masa kayan sautinsu, shi kuma hankalinsa ya koma kan ɗan maganaɗisun nan da ke ƙarƙashin tsirkiya, wanda ake naɗe wa siririyar wayar jan ƙarfe. Shi ke kama motsin tsirkiya ya mayar da shi lantarki. Ka ƙara naɗi, sauti ya yi kauri. Ka rage, ya fito tar. A 1954 ya fitar da Stratocaster mai irin wannan maganaɗisun har uku.

Ya sayar wa CBS kamfaninsa a 1965, amma bai daina gwaje-gwaje ba har ya mutu a 1991.

To, in sautin jitarka ya ishe ka, kar ka yi saurin kai ta kasuwa. A duba maganaɗisun da wayoyinta tukuna.