Janar Murtala Ramat Muhammed da Arzikin Man Fetur

An haifi Murtala Ramat Muhammed a birnin Kano ran 8 ga Nuwamba, 1938. Ya yi karatu a Kwalejin Barewa ta Zariya, ya shiga soja a 1958, aka kuma tura shi Sandhurst ta Ingila neman horo. A yaƙin basasa shi ya ja Runduna ta Biyu, wadda ake ɗora wa alhakin kisan farar hula a Asaba cikin Oktoba, 1967. Wannan tabo ne da masu yabonsa sukan tsallake.

Sa'ad da aka tuɓe Janar Gowon ran 29 ga Yuli, 1975, Murtala ya iske an riga an ɗaure akuyar mai a gindin Gwamnatin Tarayya. Dokar Man Fetur ta 1969 ta mallaka mata dukkan man da ke ƙarƙashin ƙasa, a 1971 Nijeriya ta shiga ƙungiyar OPEC, kana a farkon 1975 aka rage kason jihohin da ake haƙo man daga kashi 45 cikin ɗari zuwa 20. Asusun da jihohi ke rabawa kuwa gida biyu ake kasa shi, rabi bisa yawan jama'a, rabi daidai wa daida.

A nan ne gizo ke saƙa. Tun da kowace jiha tana da kai guda a rabin nan na biyu, yankin da aka tsaga shi ne ya ci riba. Ran 3 ga Fabrairu, 1976, Murtala ya mai da jihohi 12 zuwa 19. Arewa maso Gabas ta zama uku, watau Bauci da Barno da Gongola, amma Kano, mahaifarsa, ya bar ta yadda take. Kasonta a rabin nan ya koma ɗaya bisa 19 maimakon ɗaya bisa 12, kuma a ciki ne talakan Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar ke jiran rijiya da asibiti. Sai a 1991 aka yanke Jihar Jigawa.

A harkokin waje man ya ba shi baki. Ko da yake Amurka na cikin manyan masu sayen man Nijeriya, da sojojin Afirka ta Kudu suka kutsa Angola, sai ya amince da gwamnatin MPLA cikin Nuwamba, 1975. Shugaba Ford ya rubuto wa shugabannin Afirka yana neman su ja baya. Gwamnatin Murtala ta fallasa wasiƙar, shi kuma ya tafi Addis Ababa cikin Janairu, 1976, ya ƙalubalanci Amurka a gaban taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka.

Ran Juma'a, 13 ga Fabrairu, 1976, sojojin da Laftanar Kanar Dimka ya jagoranta suka buɗe wa motarsa wuta a Ikko yana kan hanyar ofis. Shekarunsa 37, mulkinsa kuwa bai cika wata bakwai ba. An binne shi a Kano.